Masu Shiga da Masu Fita a Ƙofar Shekara

  

Ga al'adar ɗan kasuwa mai hankali, in shekara ta ƙare yakan rufe rumfa, ya zauna da littafinsa. Ya duba uwar kuɗi, ya duba riba, ya duba bashin da yake bi da wanda ake binsa. Yau ma lissafi za mu yi tare da kai, ya mai saurare. Za mu ɗauko labarin waɗansu sanannun mutane waɗanda aka haifa, ko kuwa suka mutu, daidai sa'ad da shekara take juyawa, mu ga abin da kowannensu ya yi da jarin kwanakinsa.

Ranar 1 ga Janairu ba ta fi sauran ranaku tsawo ba. Rana takan fito daga gabas ta faɗi yamma kamar kullum. Mutane ne suka yarda su fara ƙirga daga nan. A Ingila ma, har shekara ta 1751, a ranar 25 ga Maris ake soma shekara bisa ga doka. Duk da haka gwamnatoci suna son wannan rana domin manyan al'amura. Sudan ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956, Kamaru kuma ran 1 ga Janairu 1960. Watakila kai ma a takardarka an rubuta ran nan aka haife ka, gama sa'ad da malamin ofis ya tambaya, tsohuwarka ta ce da kaka ne, shekarar fari, shi kuwa ya rubuta abin da ya sauƙaƙa masa. Ba kome. Wanda ya halicce ka ya san ainihin ranar.

Na fari shi ne Lorenzo na gidan Medici. An haife shi ran 1 ga Janairu 1449 a birnin Fulorans, ƙasar Italiya. Gidansu gidan banki ne, suna da rassa a Roma, da Liyon, da Burujis, da Landan. Sarakuna suna cin bashi a wurinsu. Ubansa ya mutu a 1469, ragamar birni ta faɗo hannunsa yana da shekara 20. Ya ƙaunaci masu ilimi da masu aikin hannu, har ya ɗauki wani yaro mai sassaƙa dutse, Mikelanjelo, ya zaunar da shi a gidansa. Mutane suka yi masa laƙabi da Mai Alfarma.

Amma dukiya tana da maƙiya. A watan Afrilu 1478 waɗansu abokan gaba suka faɗa masa da wuƙaƙe a cikin babban ɗakin sujada na birnin. Suka kashe ƙanensa Juliyano, shi kuwa ya tsira da rauni a wuya. Ga kuma wani abu wanda kowane mai rumfa zai gane: hankalin Lorenzo yana wajen mulki, ya bar wa wakilai kasuwa. Suka ba sarakuna bashin da ba ya dawowa. Reshen Landan ya rufe, na Burujis ya bi shi. Lorenzo ya mutu a 1492 yana da shekara 43. Bayan shekara biyu kaɗai aka kori ɗansa daga birnin, bankin kuma ya rushe. An haife shi a ranar farko ta shekara, cikin gidan da ya fi kowane arziki, amma ranar ba ta tsare masa kome ba.

Na biyu kuwa kana cin amfaninsa yanzu haka. Duba fuskar akwatin rediyonka, za ka ga an rubuta kHz ko MHz kusa da lambobi. Wannan Hz sunan mutum ne, Hainrik Hertz, Bajamushe, haifaffen Hambug a 1857. Tsakanin 1886 da 1888, a garin Karlsruhe, ya nuna a fili cewa tartsatsin lantarki yana aika igiyoyi marasa ganuwa su ratsa iska, a kama su a wani gefen ɗaki ba da waya ba. A kan wannan tushe aka gina rediyo, da talabijin, da wayar hannu da take cikin aljihunka. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Bon ran 1 ga Janairu 1894, yana da shekara 36, ya bar mace da 'ya'ya mata biyu. Bai taɓa jin muryar mutum ta fito daga akwati ba. Sai a watan Disamba 1901 Markoni ya aika alama ta haye tekun Atlantika. Wani ya shuka, wani ya girbe.

A ranar da Hertz ya mutu a Jamus, a ranar ce kuma aka haifi Satyendra Nat Bos a Kalkata, ƙasar Indiya, wanda ya girma ya zama babban masanin lissafi da halin halitta, har Ainstain ya juya takardarsa zuwa Jamusanci a 1924. Wani gida ana makoki, wani gida ana murna. Haka ƙofar shekara take, kamar ƙofar kasuwa: wannan yana sauke kaya, wancan yana ɗaure nasa.

Yanzu sai mu daɗe kaɗan a kan mutum na uku, gama labarinsa ya shafi mudu da buhu. Sunansa Basiliyus, mutumin Kaisariya ta ƙasar Kafadokiya, wadda yau ake kira Kayseri a Turkiyya. An haife shi wajen shekara ta 330, cikin gida mai gonaki da yawa. Ya yi karatu a Kustantiniya da Atina, ya dawo gwanin magana, yana jin kansa. Yayarsa Makrina ce ta ja masa kunne, har ya juya ga bin Almasihu da zuciya ɗaya.

Wajen shekara ta 369 sama ta hana ruwa, yunwa ta faɗa wa ƙasar. Kafadokiya kuwa nesa take da teku, kawo hatsi daga waje da wuya. Akwai hatsi a cikin birni, amma yana kulle a rumbunan masu hali, suna jira kuɗinsa ya ƙara hawa. Ka san wannan ciniki, ko ba haka ba? A saye da kaka sa'ad da mudu yake da araha, a kulle, a jira tsakiyar damina sa'ad da talaka ya cinye na gidansa, ga gona ba ta nuna ba tukuna.

Basiliyus ya yi abu biyu. Da fari ya sayar da abin da ya rage masa na gado, ya sayi abinci, ya sa aka girka manyan tukwane. Shi da kansa ya ɗaura ɗamara yana raba wa mayunwata, bai tambayi kowa addininsa ba, har 'ya'yan Yahudawa suka ci. Sa'an nan ya tsaya ya yi wa masu rumbuna wa'azi daga misalin da Yesu ya bayar cikin Bishara ta hannun Luka, sura 12. Misalin wani mai arziki ne wanda gonarsa ta yi albarka ƙwarai, har ya rasa wurin zubawa. Ya yi shawara da kansa ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya kwanta ya huta shekaru masu yawa. A daren nan kuwa Allah ya karɓi ransa. Basiliyus ya nuna musu cewa mutumin yana da rumbuna tun dā, wato cikin mayunwata da suke bakin ƙofarsa, amma bai gan su ba. Maganar ta shiga, waɗansu suka buɗe.

A 370 aka naɗa shi bishop na Kaisariya. A bayan birni ya gina wata unguwa mai ɗakunan marasa lafiya, da masaukin baƙi, da wurin kutare, da wurin koyon sana'a, har mutane suka kira ta sabon birni. Jikinsa bai daɗe ba. Ekklesiya tana riƙe da ranar 1 ga Janairu 379 ita ce ranar rasuwarsa, bai kai shekara 50 ba. Har wa yau mutanen Girka sukan toya waina mai sunansa a sabuwar shekara, su ɓoye kuɗi guda a ciki. Lorenzo ya bar gidan banki ya rushe cikin shekara biyu. Basiliyus ya mutu ba shi da kome, ga shi bayan shekara fiye da 1,600 ana tunawa da shi a kan abinci. Gaskiyar Hausawa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Mutum na huɗu namu ne na wannan yanki, shi kuwa an taɓa yin cinikinsa kamar kaya. Ajayi yaro ne Bayarabe daga garin Osogun. A 1821, yana da wajen shekara 12, mayaƙa suka ƙone garinsu, suka kama shi da uwarsa da ƙannensa. Aka raba su. Aka yi musayarsa da doki, aka komo da shi, aka sake sayarwa daga hannu zuwa hannu, har ya kai bakin teku a Ikko, wato Legas, aka zuba shi cikin jirgin Fotugis. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kai bayin Firitawun ta Saliyo, suka 'yanta su.

A can ya koyi karatu. Aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki suna Sama'ila Kurauda, wato Samuel Crowther. Yana cikin ɗaliban farko na makarantar Fura Be a 1827. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da wani Bajamushe, Malam Shon, wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma juya waɗansu littattafan Bishara zuwa Hausa. A 1846, a Abekuta, ya sake ganin uwarsa bayan shekara 25. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, shi ne baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ekklesiyar Angalikan. Ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya yi ta hawa da sauka a kogi, Anaca, da Lokoja, har Bida wurin Sarkin Nufe Masaba, yana magana da sarakuna da malamai cikin ladabi, ba zagi, ba gori.

Tsufansa bai zo da hutu ba. A 1890 waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka raina aikinsa, suka kori ma'aikatansa a gaban idonsa. Tsohon bai rama ba. Ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891, saura kaɗan shekara ta juya. Masu kasuwar bayi sun yi masa kuɗi daidai da doki guda. Allah kuwa ya san tamaninsa, gama Almasihu ya ba da ransa dominsa, kamar yadda ya bayar dominka.

To, ya mai saurare, ga su nan. Ɗaya ya sami shekara 43, ɗaya 36, ɗaya bai cika 50 ba, ɗaya ya wuce 80. Ba wanda aka shawarta a kan ranar shigarsa, ba wanda aka gaya wa ranar fitarsa. Abin da aka bar musu shi ne tsakani. Kai ma haka. Mutane suna cewa duniya kasuwa ce, kowa ya ci ya tashi. In haka ne, sai a tambaya: sa'ad da ka tashi, me za a tarar a rumfarka?

Duba littafinka na bara. Akwai mudu biyu a ƙarƙashin teburinka, babba na saye, ƙarami na sayarwa? Akwai hatsin da ka kulle kana jiran kukan maƙwabci? Akwai ɗan dako ko yaron shago wanda ka riƙe masa hakkinsa? Akwai ɗan'uwa da kuka yi shekara ba ku gaisa ba saboda bashi? Waɗannan su ne basusuwan da ba a rubuta a takarda, amma Allah yana da nasa littafi. Ba wanda ya isa ya biya shi da kuɗi, ko da dukiyar gidan Medici ce. Wannan ita ce bisharar da muke kawo maka: Yesu Almasihu ya ɗauki bashin zunubi a kansa, ya mutu, ya tashi, domin duk wanda ya tuba ya gaskata da shi a share masa. Wanda aka share wa kuwa, shi ma sai ya gyara mudunsa, ya buɗe rumbunsa, ya yafe wa wanda yake bi.

Kada ka ce sai baɗi. Hertz bai ga rana ta biyu ta shekarar 1894 ba. Mai rumbunan nan na cikin misali ya shirya wa shekaru, dare ɗaya bai cika masa ba. Yau tana hannunka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ne mai shekaru da kwanaki. Mun gode da ka kawo mu wannan shekara. Ka gafarta mana awon ƙarya da taurin zuciya. Ka ba mu abin zaman gari da halal, ka sa mu tuna da mai yunwa. Sa'ad da ranar fitarmu ta zo, ka same mu a shirye. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.