Maganin da Ya Daina Ci: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya sami kawuna a gida Warra shi ya sa na roƙi wannan dama. Ƙugiya ta cake shi a hannu yana su a tafkin Kainji. Ya sayi kafso ja da baƙi wurin mai talla ranar kasuwa, ya sha kwana biyu ya bari. Da ciwon ya rure muka kai shi asibiti, sai da aka canza magani sau uku kafin aka samu wanda ya ci. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ya rasa yatsa biyu.

Likitan ya ce mana ƙwayoyin cutar sun saba da magungunan. In aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, raunana su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Bincike ya nuna a 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma bisa yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Wani zai ce, ai sai a ƙirƙiro sabo. Ana ƙoƙari, amma sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15. Bedaquiline na tarin fuka ya fito a 2012, bayan an yi shekara kusan 40 ba a samu sabon iri ba. Kamfanin Achaogen na Amurka ya fitar da nasa a 2018, ya karye a 2019, domin sabon magani adana shi ake yi sai tura ta kai bango, ba ya kawo ciniki.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu riƙe na hannunmu da kyau. Mu ne ake kira 'yan boko daga Yawuri zuwa Shanga, ana jin maganarmu. Mu faɗa wa iyayenmu kafso ba ya maganin mura, kada a sha sai likita ya rubuta, kada makiyayi ya yi wa saniya allura da ka. Malamanmu kuma, ku ƙarfafa wa ƙannenmu gwiwa kan kimiyya, wataƙila mai gano maganin gobe yana zaune a ajinku.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.