Jawabin Yaye Ɗaliban Gyaran Lantarki a Kance



Mai martaba Sarkin Kance, Allah ya ja zamaninka. Hukumomin da suka taso daga Matameye. Malamai, iyaye da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum.

Yau muna yaye samari da ƴan mata da suka koyi gyaran kayan lantarki, har da tukunyar tururi mai aiki da wuta. Kada a ɗauka wannan tukunya sai a manyan masana'antu ake ganinta. Irinta ce ke gidan likita, inda tururi mai zafin digiri 121 ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan tiyata. Ranar da ta tsaya, tiyata ta tsaya.

Ƴaƴana, ku saurara. Idan aka kira ku aka ce tukunya ta ƙi zafi, ku fara yanke kuran, ku rufe akwatin da kwaɗo, ku jira tururin ya sauka. Daga nan ku bi hanyar wutar daki-daki. Layukan nan uku sun kawo bolt 380 kuwa? A yankinmu na Damagaram, inda wuta ke zuwa daga Katsina, tana ɗaukewa tana dawowa, sau da yawa layi ɗaya ne ya faɗi. In wuta ta cika, ku duba fiyus, sannan kontakta: ku sansana, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Sai makunnin matsin tururi, sai sandar da ke auna ruwa. Farin gishirin ruwan rijiya kan lulluɓe ta, ta daina jin ruwan. Gogewa kawai take so. Ƙarfen da ke dafa ruwan shi ne na ƙarshen awo.

Ga amanar da nake ɗora muku. Mai kaya zai ce, "Malam, haɗa mini ita kai tsaye, aiki na jira." Kada ku yarda ku tsallake makunnin da ke yanke wuta in ruwa ya yi ƙasa. Tukunyar da ta ci gaba da ɗaukar zafi babu ruwa za ta ƙone ƙarfenta, tana iya fashewa da mutane a gefenta. Sauri ya haifi nawa. Gara a ce kun daɗe da a ce kun jawo asarar rai.

Iyaye, mun gode da haƙurinku. Masu sana'a, ga hannaye nan, ku ba su aiki.

Allah ya sa albarka, ya tsare ku daga sharrin wuta, ya mai da kowa gidansa lafiya.