Daga Dandamali Zuwa Majigi: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara



Turawan Ingila suna da wata al'ada da ta kamata mu lura da ita: wasan kwaikwayo sai ya goge a kan dandamali kafin a mai da shi fim. Misali shi ne The Browning Version, wasan da Terence Rattigan ya rubuta a 1948, aka yi fim ɗinsa a 1951. Labarin wani tsohon malami ne da zai bar aiki, ya ga bai bar komai a zukatan ɗalibansa ba sai tsoro. Duk wanda ya taɓa riƙe alli, in ya kalla, jikinsa zai yi sanyi.

To, mu ma muna da namu. Shaihu Umar littafi ne da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta a Bauci, domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Kun san labarin: yaron Kagara da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya tashi a Ber Kufa ya zama malami, uwarsa kuwa ta bi sawunsa cikin Sahara, ita ma aka bautar da ita, ba ta sake ganinsa ba sai dab da rasuwarta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu.

Abin takaicin ga shi. Bayan bikin FESTAC na 1977 fim ɗin ya yi ɓatan dabo, shekara kusan arba'in. Sai a 2016 aka tsinci faifansa cikin tarin gwangwanayen da aka yi watsi da su a Legas. Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a Balin a 2018. Wato baƙo ya kalli labarin Firayim Ministanmu na farko da harshenmu, alhali jikokinmu ba su ma san an yi shi ba.

Ba fim ɗin kaɗai ya ɓata ba. Dā ranar bikin raba kyaututtuka ba ta cika sai yara sun yi wasa: tebur huɗu a haɗe, zane ya zama labule, gemun auduga. A nan mai kunya yake koyon ɗaga murya gaban hakimi. Yau makarantunmu na ƙasar Kibiya da Rano sun bar wannan, kuma ina ganin laifin namu ne, ba na yara ba.

Roƙona ga ƙungiya bai fi ƙarfinta ba. A sayo littafin wasan Shaihu Umar a raba wa makarantun Nariya, a ware ɗan abin ɗinkin kaya, a sa malami ɗaya ya kula. Ku na Kano da Kaduna da Abuja kuma, ku bi hanyar da za a sami iznin nuna fim ɗin a filin firamare. Baɗi in Allah ya kai mu, yaranmu su fara yin wasan da rana, da dare a haska majigin.