Jawabin Masu Gashin Burodin Kirfa a Ranar Bikin Ƙungiya

Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakanta, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajen da suka rufe shaguna suka zo suka zauna da mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a madadin matan da ke gasa burodin kirfa, wato wannan naɗaɗɗen burodin da aka raba muku da shayi. Mu 'yan kasuwa ne. Wata kayan miya take sayarwa, wata atamfa, wata robobi, da yamma kuma mu haɗu a ajin yaƙi da jahilci. Tambaya biyu ake yawan yi mana: yaya ake yin sa, kuma ana samu kuwa? Za mu amsa duka biyun, daga nan mu kawo roƙonmu gaban ƙungiya.

Wannan burodi ba namu ba ne tun asali. Mutanen Suwidin, can arewacin Turai, su suka fi shahara da shi. Suna ce masa kanelbulle, da kofi suke cin sa a lokacin hutun aiki, har ma sun ware masa rana guda, 4 ga Oktoba, tun shekarar 1999. A Amurka kuma sai suka ƙara masa girma, suna kwarara masa farin haɗin sukari a kai. Amma kada sunan ya ba kowa tsoro. Duk wadda ta taɓa kwaɓa fanke ko funkasau ta bar shi ya tashi, to ta riga ta san rabin aikin.

Bari mu fara da kirfa, tunda ita ce mai sunan. Ɓawon itace ce ake ɓarewa a shanya, kuma iri biyu ce. Akwai ta Siri Lanka, siririya, naɗe kamar takardu da yawa, tana karyewa da hannu, ƙamshinta a sanyaye. Akwai kuma mai kauri da tauri, mai duhu, wadda ake kawowa daga Sin da Indonesiya da Biyetnam. Ita muka fi gani a wajen masu kayan ƙamshi, ta fi araha, ƙamshinta kuma ya fi ƙarfi, tana jure wuta. Mu dai mun fi son mu sayi itacen mu daka da kanmu mu tankaɗe, mu zuba a kwalba mai murfi. Garin da ya daɗe a buɗe a rana, launi ne kawai ya rage masa. Masana sun ce mai kaurin nan tana da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan ana yawan shan ta kullum, don haka ba a wuce awo don neman burge mai saye. Kuma don Allah kada wadda ta ce wa mutane maganin ciwon suga ne saboda akwai kirfa a ciki. Sukari ne cike da shi. Abin marmari ne, a sayar da shi a matsayin haka.

To ga awon, masu biro ku rubuta. Fulawa rabin kilo. Madara mai ɗumi kwatan lita, wato rabin ledar ruwan nan da muke saye, ta gari ma in an dama ta yi. Yis ƙaramin cokali 2. Sukari babban cokali 4. Bota babban cokali 4. Ƙwai 1. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Na shafawa a ciki kuma: bota babban cokali 5, sukari rabin kofi, kirfa babban cokali 2. Wannan awo shi ke ba da burodi 12.

Kun ji mun ce kilo, ba mu ce mudu ba. Dukanmu nan mun san mudu, mu ne masu shi. Na wannan kasuwa ba na waccan ba ne, kuma fulawar da aka danna ba ɗaya take da wadda aka zuba sakayau ba. Ƙaramin sikeli shi ke raba gardama. Da shi burodin Litinin ke fitowa daidai da na Alhamis.

Yis abu ne mai rai. Sukari yake ci ya fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓin. Shi ya sa madarar za ta zama mai ɗumi kamar ruwan wankan jariri. In ta yi zafin da yatsa ba ya iya zama a ciki, ta kashe shi, an yi asarar fulawa. Kada a zuba gishiri kai tsaye a kansa, a fara gauraya gishirin da fulawa. Kirfa ma ba a sa ta cikin kwaɓin, domin in ta yi yawa tana rage wa yis ƙarfi. Wurinta a tsakiya ne, wajen naɗi.

A haɗa komai a murza da hannu na minti 10 cur, a duba agogo. Da farko zai riƙa manne wa hannu, a nan ne zuciya ke cewa a ƙara fulawa. Kada a biye mata. A ci gaba da murzawa, zai saki hannu da kansa ya yi santsi. Fulawar da aka ƙara a wannan gaɓa ita ce ke sa burodi ya yi tauri kafin la'asar. Sai a rufe da leda ko tsumma mai tsabta a ajiye har ya ninka girmansa. A zafin Maris da Afrilu ba ya kai awa guda. Da hunturu kuwa yakan kai awa biyu, kuma iska na busar masa da fuska, sai an rufe shi sosai an ajiye kusa da murhu. A nan ido ake bi, ba agogo ba: in an danna da yatsa ramin bai cike da sauri ba, ya yi.

Daga nan a barbaɗa 'yar fulawa a tebur, a shimfiɗa kwaɓin da abin murji ko kwalba mai tsabta, tsawo kamu ɗaya, faɗi taƙi ɗaya da rabi. A shafe shi da bota mai laushi, ba narkakkiya ba, don narkakkiya zurarewa take yi ta tafi da sukarin. A barbaɗa sukari da kirfa, a bar ɗan baki guda ba a shafa ba don ya kama. Sai a naɗe ta tsawo kamar ana naɗe tabarma, ba a matse ba, ba a saki ba. Wajen yanka, zaren ɗinki ya fi wuƙa, don wuƙa danne shi take yi. A zura zaren ta ƙasa, a gitta shi a sama, a ja. A raba biyu, kowane rabi a sake raba shi biyu, kowane kashi a yanka uku. Ga 12 nan, babu babba babu ƙarami. A jera a faranti da 'yar tazara, a sake rufewa na rabin awa ko fiye, har su kumbura su taɓa juna. Wannan tashi na biyu shi masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke kawo laushi.

Mai oben ta sa shi a maki 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi, babbar tukunya da yashi sun isa, yawancinmu da su muke yi. A zuba wankakken yashi kaurin yatsa biyu, a ɗora a gawayi ya yi zafi kamar kwatan awa, a sa duwatsu uku ko gwangwani a ɗora farantin a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin. Wutar ƙasa ta zama kaɗan, ta sama ta fi yawa, don sukarin da ke gangarowa ƙasa saurin ƙonewa gare shi. Kada a yi ta buɗewa ana leƙe. In ya yi ja kamar soyayyen fanke, na tsakiya kuma ya daina danƙo, a sauke a shafa masa ruwan sukari tun da zafinsa. Farin haɗin nan na Amurka mun bar musu, a zafinmu narkewa yake yi ya tara ƙuda.

Yanzu tambaya ta biyu, ana samu? Ana samu, amma sai ga mai rubutu. A littafi za a jera kuɗin fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, yis, kirfa, gawayi, leda, da kuɗin abin hawa zuwa kasuwa. A sa ladan hannu ma, awa uku na mace ba kyauta ba ne. A tara, a raba 12, wannan shi ne kuɗin guda ɗaya kafin a ɗora riba. Wanda yara suka ci a rubuta. Wanda aka ba maƙwabciya ɗanɗano a rubuta. Biyu kacal in suka fita cikin 12 ba lissafi, kashi ɗaya cikin shida na kayan ya tafi, kuma sau da yawa ribar ke nan gaba ɗaya. Ku mazajenmu da 'ya'yanmu, muna son ku, amma daga yau mai ci ya biya!

Wani abin kuma, burodin nan ba cincin ba ne da zai yi sati a bokiti. Ranar da aka gasa ya fi daɗi, washegari da kyar. Ba ma sa masa komai na ƙarin kumburi, balle sinadarin buromet da hukumar NAFDAC ta hana sawa a burodi. Saboda haka a fara samun mai saye kafin a kwaɓa: mai shayi, ma'aikatan ofis, masu suna da biki. Na biki a karɓi rabin kuɗi tukuna.

Roƙonmu ga ƙungiya guda biyu ne. Na farko, a riƙa sayo fulawa buhu guda da kuɗin asusu, a sayar wa mambobi da sikeli. Yawancin alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita, shi ya sa farashin fulawa ke bin dala, kuma mai sayen mudu-mudu ita ta fi kowa jin jiki. Buhu mai kilo 50 kwaɓi 100 ne, burodi 1,200. Mace ɗaya ba za ta ƙarar da shi ba kafin ƙwari su shiga, amma mu goma za mu iya. A ɗora shi kan katako a wuri busasshe, a sa mace ɗaya ta riƙe littafinsa, wata daban ta riƙe kuɗi.

Na biyu, duk wadda za ta sayar da sunan ƙungiya ta bi awo guda, a rubuta shi a kati a ba kowa. Mai saye ba zai ce burodin wance ne ya yi tauri ba, cewa zai yi na matan ƙungiya ne. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wadda take son ta rage bota ko ta yanka 15 a maimakon 12, tana da iko, amma ta sayar da sunanta.

Muna so a sa waɗannan biyu a taron wata mai zuwa, a tattauna a ɗaga hannu. Iyayenmu da yayyenmu da har yanzu ba su shiga aji ba, akwai wuri a benci. Ba a tambayar shekaru, kuma lambobin sikeli da na littafi su ake fara koyarwa. Wadda take son ganin aikin da idonta ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi, ta zo da rabin kilon fulawarta da zarenta, sauran kayan mu za mu kawo.