Banu Isra'ila da Ladabi Gaban Ubangiji

(Jawabin da aka gabatar a zauren ƙungiya bayan sallar La'asar)

Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa maza da mata, an ce in ɗan yi magana a kan ladabi gaban Ubangiji. Sai na ga gara in ɗauko labarin Banu Isra'ila, domin su aka nuna wa alamun kusancin Allah ƙuru-ƙuru, ido yana gani, kunne yana ji.

Mu fara da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Yana kan hanya daga Madyana tare da iyalinsa ya hango wuta, ya nufe ta. Da aka kira shi a kwarin Ɗuwa, kafin a umarce shi da tsai da salla, kafin a aike shi wurin Fir'auna, sai da aka ce ya tuɓe takalmansa. To, kun ga ladabi ya riga aiki.

Bayan an tsallake teku, jama'a suka sauka gindin Dutsen Sina'i. Littafin Attaura da ke hannun Yahudawa ya ba da labari cewa an sa su wanke tufafinsu, su kintsa kafin rana ta uku, aka kuma shata iyaka kewaye da dutsen, mutum ko dabba kada ya ƙetare. Da aka fara tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, sai suka ja da baya jiki yana ɓari, suka roƙi Musa ya riƙa karɓo musu saƙo, don suna tsoron in aka yi musu magana kai tsaye za su mutu. Shi kansa Musa, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, ya roƙi ya ga Ubangijinsa. Aka ce ya dubi dutse. Dutse ya rugurguje, Musa ya faɗi a some. Da ya farfaɗo bai tsaya ba da labarin abin da ya gani ba, sai tasbihi da tuba.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Waɗannan mutanen da suka yi rawar jiki, su ne dai Samiri ya ƙera wa ɗan maraƙi da kayan adonsu, suka duƙufa gabansa. Tsakani fa ba shekara ba ce. Musa ya tafi ganawa dare 30, aka ƙara masa 10, kafin ya dawo an riga an yi ɓarna, Annabi Haruna yana hana su har suka kusa kashe shi. Ashe tsoron da tsawa ta kawo, tsawa tana wucewa shi ma ya bi ta. Ni dai wannan ya fi ba ni tsoro a cikin labarin duka, domin ba jahilai ba ne, sun ga teku ta dare da idonsu.

Daga nan aka tsara musu ibada mai ƙa'ida, wadda ba ta jiran ranar tsawa. Attaura ta ce sun yi wata alfarwa da suke kafawa tsakiyar zango. Can cikinta akwai ɗaki da aka rufe da labule, inda aka ajiye akwatin da aka dalaye da zinariya. Babban limaminsu kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara. In za a tashi, zuriyar Lawi ke ɗaukar akwatin a kafaɗa da sanduna, ba mai kai masa hannu. Mu dai ba mu cewa Allah yana zaune cikin alfarwa, ya tsarkaka daga wannan. Amma Alƙur'ani ya ambaci akwatin a Suratul Baƙara, ya ce akwai natsuwa daga Ubangiji a cikinsa, kuma dawowarsa ce alamar sarautar Ɗalutu.

Matafiya ne fa, shekara 40 suna yawo a jeji, amma ba su ce sai an isa gida a gyara wurin ibada ba. Mu da ke zaman baƙunci, wasunmu a nan aka haife su, har yanzu sai ka ji mutum ya ce ai masallacin unguwa na wucin gadi ne. Shi ya sa ake cinikin goro a bakin ƙofa liman yana huɗuba, waya tana kuka a sahun gaba. Kada wani ya ce da shi nake, har da ni.

Daga baya Annabi Sulaimanu ya gina ɗakin ibada a Ƙudus, aka shigar da akwatin ciki. Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Bukhtanasar Sarkin Babila ya rushe ginin, ya kwashe mutane bayi. Tun daga lokacin ba a sake ganin akwatin ba. Da suka dawo suka sake gini, ɗakin nan na ciki babu akwati, amma babban limaminsu bai daina shiga sau ɗaya a shekara ba, har Rumawa suka rushe ginin a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa.

Na ga ladan ya miƙe. Wassalamu alaikum.