MURHUN BANDA A GIDA: JAWABI GA 'YAN UWA MAZAUNA DUTSE UKU

 

An nemi in ɗan yi magana a kan yadda mutum zai gina murhun banda a gidansa ko da bai taɓa yi ba. Dalili kuwa a fili yake. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah cikin damina take faɗowa: a 2024 ranar 16 ga Yuni aka yi ta, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Kun san daminar Jos, daga Afrilu har Oktoba. Ka shanya nama a igiya, kwana biyu sai ya yi fumfuna. Man suya ya yi tsada, firji kuma sai da wutar lantarki. Gashi shari'a ta halatta mana mu ci naman layya, mu yi sadaka, mu kuma ajiye. To, ajiyar ce take gagarar mu.

Banda ba sabon abu ba ne. Kifin da ake kawo mana daga Baga, bakin Tafkin Chadi, da hayaƙi aka kyafe shi har ya jure tafiya. A Gana ma, a 1969, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da cibiyar binciken abinci ta ƙasar suka gyara murhun matan Cokko, wata unguwar masunta a Akara. Ginin laka ne kawai, da ragogin waya a ɗora bisa juna. Bai cin itace da yawa, shi ya sa ya bazu a Afirka ta Yamma. Irinsa nake ba ku shawara.

Abu guda nake so kowa ya riƙe: banda ba gashi ba ce. Mai tsire yana son wuta kusa da nama don a ci yanzu. Mai banda kuwa hayaƙi yake so da zafi kaɗan-kaɗan, har ruwan jikin naman ya fita. In harshen wuta ya taɓa nama, waje zai ƙone, ciki ɗanye, bayan kwana uku ka ji wari.

Ga yadda ake ginin. Ka zaɓi wuri a tsakar gida, nesa da ɗaki da janareto da inda yara ke wasa. Ka yi gini mai kusurwa huɗu da tubalin laka, faɗi ƙafa 3, tsawo ƙafa 3, tsayi kamar ƙafa 2 da rabi. Ka bar ƙofar itace a ƙasa ta gefe ɗaya, ka ɗan haƙa rami a ciki inda wuta za ta zauna. Ka yaɓe shi, ka bari ya bushe sarai kafin ka hura wuta, don kada ya tsage. Sannan kafinta ya yi maka firam na katako biyu ko uku, a buga ragar waya a ƙasan kowanne, su hau bakin ginin daidai. Katako sai a kasuwar Katako, ƙarfe kuma masu walda na Dilimi sun san kansa. Daga sama ka rufe da falanki, ka bar 'yar kafa don hayaƙi ya riƙa fita.

Wanda yake gidan haya yana iya amfani da duro. Amma don Allah kada a sayi duron da aka zuba maganin ƙwari ko sinadari a ciki, komai arharsa. Wanki bai fitar da gubar.

Sai itace. Busasshen kirya, marke ko mangwaro su ne masu kyau. Itacen turare da ya cika tudun nan tun bayan haƙar kuza, yana sa nama ɗaci. Katako mai fenti, leda, roba da taya kuwa, kada su kusanci murhun. Kada kuma a hura da kananzir.

Naman a cire masa kitse, a yanka shi dogo-dogo, kaurin yatsa biyu. A shafe shi da gishiri, kamar cokali biyu ga kilo, ya tsane. A jera shi ba a cunkushe ba. Awa uku zuwa huɗu na farko a ba shi zafi sosai har ya dahu ciki, daga nan a rage wuta, a bar shi da hayaƙi yini ɗaya ko biyu, ana juyawa, ana sauya raga ta sama da ta ƙasa. A sa tire a tsakani ya tari maiƙo, domin maiƙon da ke ɗiga kan garwashi shi ke tada baƙin hayaƙin da likitoci ke dangantawa da ciwon daji. In ka karya yanki ka ga ba danshi a tsakiya, ya yi. A ajiye a kwando inda iska ke shiga, ban da leda, a riƙa ɗumama shi bayan 'yan kwanaki.

Jama'a, gidajenmu a manne suke da juna. Mu da muka ga yadda babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, ba sai an gaya mana abin da wuta ke yi ba. Kada a kwanta a bar murhu na ci, kada a shigar da shi ɗaki ko zaure saboda sanyi ko ruwa, hayaƙin garwashi yana kisa a rufaffen wuri. Bokitin ruwa da yashi su kasance a kusa.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su gina ɗaya tun kafin Sallah, su fara gwaji da kilo biyu. Matasanmu da ke neman abin yi kuma, ga sana'a nan.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya a garin nan. Wassalamu alaikum.