KADA MU DAMA RUWAN DA WASU ZA SU SHA

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Kaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Iyaye, in yaranku suna kusa, ku kira su su zauna, gama maganarmu ta yau tasu ce.

Karatunmu yana cikin littafin Annabi Ezekiyel, sura 34, aya 17 zuwa 19. A wurin nan Ubangiji yana magana kamar makiyayi mai shari'a tsakanin tumakinsa. Waɗansu tumaki masu ƙarfi sukan riga zuwa mashaya, su sha ruwa mai kyau har su ƙoshi, sa'an nan su shiga ciki da ƙafafunsu su dama sauran. Marasa ƙarfi da suka zo daga baya, sai su sha laka. Allah bai tsauta wa tumakin nan domin sun sha ba. Ya tsauta musu domin ba su tuna da na bayansu ba.

'Yan'uwa, su wane ne na bayanmu? Bari mu bi ruwan mu gani. Gulbin Gagare yana wucewa ta Kaura Namoda. Gulbin Bunsuru yana wucewa ta ƙasar Zurmi. Dukansu biyu suna gangarawa arewa, wajen ƙasar Shinkafi da Isa, ruwansu ya shiga Gulbin Rima. Rima kuma ta cika madatsar ruwa ta Goronyo, ta wuce Sakkwato, ta bi ta Argungu, har ruwan ya faɗa Kwara. Ashe abin da yaro ya zubar a kwatar gidansu a Kaura yana iya isa bakin wani yaro da bai taɓa gani ba. Shi ma maƙwabcinmu ne, ko Kirista ne ko Musulmi, gama gulbi ba ya tambayar addinin mai sha.

Da rani gulaben nan sukan janye, sai yashi. Mutane su tona yashin su ɗebi ruwa, masu lambu su yi ban ruwa, makiyaya su shayar da dabbobi. A lokacin ne kuma muke mai da kwari da kududdufin bayan gari juji. Mukan ce ai babu ruwa a ciki. Amma ruwan farko na damina yakan kwashe kome da kome ya kai gulbi. Yanzu kuwa da rashin tsaro ya kori mutane da yawa daga ƙauyukansu suka taru cikin garuruwa, bakunan da ke shan ruwan nan sun ƙaru, kuma mafi yawansu ba su da kuɗin sayen wani.

Manya a cikinmu sun tuna da kurkunu. Mai kurkunu yakan tsoma ƙafarsa cikin tafki domin ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta cikin ruwan, wanda ya sha kuma bayan kamar shekara guda sai ta fito masa. Ga maganar Ezekiyel a fili: ƙafar mutum ɗaya, wahalar gari duka. A shekara ta 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu allurar rigakafinta, babu ƙwayar da ke kashe ta. Da me aka ci nasara? Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da gina rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana roƙon jama'a a kan wannan. A shekara ta 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasarmu, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da ita. Mun gode wa Allah. Amma tsargiya tana nan, amai da gudawa kuma yana komowa, kamar yadda ya yi mana ɓarna a shekara ta 2021. Dukansu ta ƙazantar ruwa suke bi.

To, yara, ku kasa kunne. Kada wani ya ce, ni ƙarami ne, me zan iya? Ku tuna da yarinyar nan da aka kamo daga ƙasar Isra'ila, tana yi wa matar Na'aman hidima. Ba a ko faɗi sunanta ba. Amma maganarta ce ta sa babban jarumin Suriya ya tafi wurin Annabi Elisha, ya yi wanka a Kogin Urdun, kuturtarsa ta warke. Ku ne ake aika ɗiban ruwa, ku ne ake aika zubar da shara, ku ne kuke goyon ƙanne. Saboda haka mabuɗin yana hannunku. Ba mu ce ku tafi bakin gulbi ba. Aikin a gida yake.

Na ɗaya, bayan gida. Ku shiga masai, kada ku tsuguna a kwari ko gefen kududdufi. In ƙaninku ya yi kashi, a kwashe a zuba a masai, a wanke hannu da sabulu ko toka. Kada ku yi fitsari cikin ruwa sa'ad da kuke wanka, gama ta haka ƙwan tsargiya yake shiga ruwa, ya girma cikin katantanwa, ya kama wani. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa a kai shi asibiti, ba abin kunya ba ne. Wannan ba koyarwar Turawa ba ce. A Maimaitawar Shari'a sura 23 Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya tona rami ya rufe ƙazantarsa, domin shi Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu.

Na biyu, leda. In kun sha ruwan leda, kada ku yar a kwata. Ku rataye tsohon buhu a tsakar gida, kowa ya riƙa jefawa a ciki. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, akuya kuma ta haɗiye ta ta mutu.

Na uku, ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki, ku tara su a rami guda. Kafin damina sun zama taki. Abin da zai ɓata gulbi sai ya gyara gona.

Na huɗu, galan ɗin maganin feshi, da mataccen batir, da baƙin man inji. Kada ku yi wasa da su, kada ku ɗebi ruwa da galan ɗin ko an wanke shi. In kun ga za a ɗauraye shi a bakin rijiya ko tafki, ku yi magana da ladabi: Baba, mutane suna shan ruwan nan.

Na biyar, guga da tulu. Kada a ajiye guga a ƙasa, a rufe randa, moɗa kuma ta zauna a wuri mai tsabta.

Iyaye, yaro ba zai shiga masan da ba a gina ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa shi ma sai ya miƙe. Malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata, ku ɗauki maganar nan. Bari harabar majami'a ta zama wurin da maƙwabta za su duba su koya.

A ƙarshe, 'yan'uwa, me ya sa tumakin nan suka dama ruwa? Son kai ne. Laka tana farawa daga zuciya kafin ta kai gulbi. Yesu ya yi wa matar nan ta Samariya alkawarin ruwan rai a bakin rijiya, ya kuma ce ko ƙoƙon ruwan sanyi da aka ba ƙaramin almajirinsa ba zai rasa lada ba. Wanda ya sha daga wurinsa kyauta, yaya zai bar wa ɗan'uwansa laka?

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin Gagare da Bunsuru, da kowace rijiya da tafki da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka sha muka ɓata. Ka tsarkake zukatanmu. Ka albarkaci yaranmu, ka sa ƙananan hannuwansu su zama albarka ga mutanen da ke gangare. Ka tuna da waɗanda aka kora daga gidajensu, ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.